'Yar Rakiya

A katin igamata akwai hotona,
baƙin mayafi, ido a zare
kamar wadda aka kira ba ta shirya ba.
Na nuna wa Rumasa'u wata kalmar Larabci,
murafiƙa, na ce fassara mini.
Ta rufe baki tana dariya:
Umma, wai ke 'yar rakiya ce.

Shekara ashirin da shida nake raka Sallau,
ashe har yau ba mu iso ba.
Shi yana walda a Sina'iyya,
tartsatsi ya cinye masa ido
har zare ya daina shiga allura a hannunsa.
Ni ina Hindawiyya, bene hawa na uku,
ina shanya kuɓewa a tagar da ke kallon tankin ruwa,
ina jin ƙanshin teku da na bola
suna shigowa tare bayan la'asar.

Sunana yana rataye da nasa,
nasa yana rataye da na kafili,
kafili kuwa dattijo ne mai ciwon suga.
Duk daren da aka ce an kwantar da shi
gidanmu ba mai barci.
Ƙulli bisa ƙulli igiyar take,
mu ne gugan da ke lilo a ƙarshenta.

Mu'awiya a nan Jidda ya faɗo.
A nan ya yi rarrafe, a nan ya yi wawulo,
da Larabci yake ƙirga kuɗi, da shi yake fushi,
Hausarsa kuwa sai ka yi mata uzuri.
Jiya ma'aikacin jawazat ya dubi na'ura,
bai dubi yaron ba,
ya ce shekaru sun fitar da shi daga inuwar uba:
ya nemi nasa kafilin, ko ya koma gida.
A mota ya juyo ya tambaye ni,
Umma, ina ne gida?
Gumel ɗin da a waya kaɗai ya san ta,
inda kakarsa ke kiransa Balarabe?

An ce akwai wata igama ta dindindin,
ba kafili, ba layin sabuntawa,
tana ɗaukar mata, tana ɗaukar 'ya'ya.
Sallau ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya juya takardar kuɗin wuta,
ya rubuta adadin da aka faɗa masa a masallaci.
Ya ƙirga sifili-sifilin da yatsa,
ya sake ƙirgawa,
ya maida fensirin inda ya ɗauko shi.
Ya ce in zuba masa shayi.
Ban sa suga ba, bai lura ba.

Ban gaya wa ma'aikacin ba,
don ba gurbin rubuta shi a fom,
cewa muna da mutum ɗaya a garin nan
da ba a taɓa tambayarta kati ba.
Zulai, ta fari, wata bakwai ta yi.
Tana can bayan katangar maƙabarta,
ba alama, ba suna, ba ranar ƙarewa.
Ita kaɗai ta samu zama a cikinmu,
kuma ko riyal ɗaya ba a karɓa ba.

In sun ce tafi, wa zan raka?
Mijin da ke nan, ko ɗan da za a kai filin jirgi,
ko wadda ƙasar ta riga ta karɓa?

Dare ya raba. Na jona dutsen guga.
Gobe Mu'awiya zai ga wani mai shagon taya
da ya ce wataƙila, in Allah ya so.
Ina goge masa farar jallabiya,
ina bin wuyan a hankali
don kada a ce yaron ba shi da kowa.